Jirgin Dare Daga Ngaundare

Shekara tara ina fassara fim
a gidan kallon Bobbo Hamajoda, bayan kasuwa.
Sefa hamsin ka shiga, benci ko tabarma.
Bature ya faɗi tasa, in juya ta Hausa,
in zuba gishiri inda ya yi rowa.
Waɗanda suka fi cika ɗakin
su ne na jirgin ƙasa:
ƙofa a kulle, gudu ba birki,
mutum goma a tarago, ɗaya makashi.

Na san dokokinsu kamar yunwar cikina.
Wanda ya fi kowa fara'a, shi ne.
Jakar da ba a ajiyewa ƙasa, da magana a cikinta.
In wuta ta ɗauke,
ƙirga kawuna in ta dawo.

Ga tasha nan a gindin unguwarmu,
kukan jirgi ke gaya mini magariba ta wuce,
amma ban taɓa sa ƙafa ciki ba
sai da likita ya haska idona,
ya girgiza kai, ya rubuta Yawunde.

Kujera ta ashirin da shida.
Gabana wani dattijo, hula zanna, gemu tas,
baƙar jaka bisa gwiwa
an ɗaure ta da robar tayar keke.
Ya yi mini murmushi.
Na ce a raina, to, an fara.

Ya ɓara goro ya miƙo.
Na girgiza kai. Na ga irin wannan goron
ya kwantar da jarumi tun kafin rabin kaset.

A Ngaundal mata suka taso da kwalaben zuma,
fitilu a ka, ciniki ta taga.
Kowa ya leƙa.
Shi bai saki jakar ba.

Sai daji. Sai ƙarfe na taunar ƙarfe.
Sai wuta ta ɗauke.

Na dafe kuɗin aikin ido
da Dudu ta ɗinke mini a ƙugun wando.
Wani ya yi tari. Wani abu ya gangara, ya bugi ƙafata.
Na karanta duk abin da na haddace,
har da wanda na manta tun ina yaro.
Wuta ta dawo. Na ƙirga da yatsa.
Saura ɗaya!
Ashe tsohuwar ce ta shimfiɗa zani ƙarƙashin benci
tana minshari, gwangwanin madararta a ƙafata.

Ƙarfe biyun dare muka tsaya inda ba tasha,
ba gida, ba fitila, sai kwaɗi.
Awa guda.
Jandarma ya wuce da tocila bai ce uffan ba.
Idon dattijo a kaina, nawa a kan jakarsa.

Gari ya waye a kan ganyen ayaba.
Ya kwance robar a hankali,
na shirya gudu, ban san ina ba.
Takardun fansho ne, sun yi laushi don yawo,
shekara huɗu ana ce masa dawo gobe.

Ya ce, bawan Allah, ka yafe mini,
daren nan ban runtsa ba saboda kai.
Baƙin tabarau da tsakar dare,
ba ka ci, ba ka sha, ba ka magana,
kana ƙirga mutane da yatsa.
Akwai wani mai fassara a gidan kallon Bobbo,
ban san fuskarsa ba, kullum cikin duhu yake,
amma ko a kabari na ji muryarsa zan gane.
Shi ya koya mana:
mai shiru a cikin jirgi, ka ji tsoronsa.

Na buɗe baki.
Na rufe.
Na miƙa hannu kawai,
ya sa mini ɓarin goron jiya,
ya bushe, ya yi ja.
Na tauna har Yawunde.